Mutumin da ke Tari a Kwamfutar Yaya

Ranar da mijin yayata ya faɗo shagona da wata 'yar na'ura a tafin hannu, ina tsakiyar yi wa Mai Faci aski, na kwashe rabin kan ke nan. Ko sallama bai yi ba. Ɗaga abin ya yi sama, baki har kunne, ya ce, "Ƙanina, kashe injin nan ka zo ka ga duniya."

Na duba. Abin bai fi filashin kwamfuta girma ba, sai dai yana da ɗan baki a gindi inda ake ɗaura waya.

"Wannan ce duniyar?" in ji Mai Faci ta cikin madubi. "Ashe ta rame haka."

"Kai tsaya a kan tayoyinka. Wannan rediyo ne, amma ba irin na kakanka mai batir ba. Ba shi da maɓalli, ba shi da lasifika. A kwamfuta ake soka shi, manhaja ta yi sauran aikin. Da shi zan kamo masu rediyon sha'awa na ƙasashen duniya, mutanen da ke zaune a ɗakunansu suna hira da juna ta iska, ba layin waya, ba intanet. Ranar Asabar, a ƙofar shagunan nan, kowa zai ji da kunnensa. Har shugaban ƙungiyarsu na garin nan na gayyato. Yana ganin aikina zai sa a ajiye min kujera kusa da tasa."

Injiniya muke ce masa, amma fa babu makarantar da ta ba shi sunan. Tikiti yake yanka a wani kamfanin motocin haya. Wata shekara fankar ofishinsu ta tsaya, ya cire takalmi ya maka mata, ta tashi, to tun daga ranar ya hana kowa sakat. Ba mugun mutum ba ne, wallahi. In ya ga kana cikin damuwa zai bar abin da yake yi ya taimake ka, kuma taimakon nan nasa ne muke tsoro.

Na ce, "To ina kwamfutar da za ka soka shi?"

Ya nuna bango da haɓa.

Bayan bangon nan shagon Yaya ne, matarsa. Tela ce, su kuma a saman benen suke zaune. Abin da take taƙama da shi keken surfani ne mai aiki da kwamfuta. Ita ke zana fure ko tambari a kwamfutar, ta bi shi ɗinki-ɗinki tana gyarawa, kwamfutar kuma ta riƙa gaya wa keken inda allura za ta bi. Shekara da shekaru tana tara zane-zanen nan, duk a cikin wannan 'yar kwamfuta ta tafi-da-gidanka, ba su da kwafi a ko'ina. A makon nan kuma ta karɓi aikin da bai taɓa zuwa mata ba: rigunan wata makarantar firamare gaba ɗayanta, kowace riga da bajonta a ƙirji. Ta gama zana bajon, tana kan haɗa riguna. Ranar Asabar da rana za ta kunna keken surfani, shugabar makarantar ta zo ta ga na farko, Litinin a kai kaya.

Na ce, "Injiniya, kwamfutar Yaya fa ba abin wasa ba ce."

"Wa ya ce maka wasa zan yi? Kafin ka gama kan nan na gama."

Ya riga ya san Yaya ta tafi kasuwa sayen zare. Ya fice ya shige shagonta, na ajiye inji na bi shi, Mai Faci ya biyo ni da rabin gashi, ƙyallen aski na reto a wuyansa.

Ashe kafin kwamfuta mai Windows ta gane irin wannan na'ura, sai an sauya mata wata 'yar manhaja da suke kira direba. Haka Injiniya ya gani a wani bidiyo a wayarsa, bidiyon da ya kalli farkonsa da ƙarshensa, ya ce tsakiyar ta 'yan koyo ce. Ya sauke abin sauyawar, ya buɗe. Sunayen duk abin da ke jone da kwamfutar suka fito, aka bar masa ya zaɓi nasa. Bai karanta ba. Na farko ya danna.

Kibiyar da ke yawo a fuskar kwamfutar ta tsaya cak. Ya girgiza linzamin kwamfutar, wato ɗan abin da ake juya kibiyar da shi, ya hura masa iska, ya ƙwanƙwasa shi a tebur.

"Dama ya tsufa," in ji shi. Ya koma shafa ɗan faifan da ake juya kibiyar da yatsa, ya zaɓi suna na biyu, ya danna. Can a kusurwa keken surfani ya yi ƙara sau ɗaya, koriyar fitilarsa ta koma ja.

"Me ka yi wa keken?" na ce.

"Gaisawa suka yi da sabuwar manhaja. Kai ba ka san harkar ba."

"Injiniya," in ji Mai Faci, "mene ne wancan da ke leƙowa daga aljihun rigarka?"

Muka duba. Rediyon duniya ne, yana zaune abinsa a aljihu, ba a ma soka shi ba.

"Na sani mana!" ya ce, yana zaro shi. "Ƙarfin kwamfutar nake gwadawa tukuna."

Daidai nan Yaya ta shigo da ledar zare a hannu. Ta dube shi, ta dube ni, ta dubi kan Mai Faci ta kau da ido.

"Baban yara, me kake yi a kujerata?"

"Ceton ki nake yi, Maman yara. Kwamfutar nan ta kusa mutuwa, Allah ne ya kawo ni. Dubi linzami, shi har ya riga ya tafi."

"Da safe lafiyarsa ƙalau."

"Haka ciwon yake, farat ɗaya."

Na ce, "Yaya, shi ya kashe shi."

"Na sani, ba sai ka faɗa min ba. Na fi ka daɗewa da shi." Ta ajiye ledar, ta dubi tulin rigunan da ke jiranta, ta yi ajiyar zuciya. "Ɗauke ta ka gyara abin da ka ɓata. Ka yi rediyonka in ka ga dama, ban hana ka ba. Amma Asabar da rana ina son ta a kan teburin nan, kuma zane-zanena kada ka taɓa min ko ɗaya."

Ya dafa ƙirji. "Ni? In na taɓa su ki daina kirana Injiniya."

"Dama ban taɓa kiranka ba."

Washegari da ya taso daga aiki, shagona ya mayar ofis, wai intanet ɗina ya fi gudu. Ya ture kwalaben man gashi gefe, ya baje kwamfutar, ya fara wa masu jiran aski lacca. Laifin duk na Windows ne, in ji shi. Ita babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta iri-iri ce, kuma Windows ta 'yan ofis ce da yara masu wasan mota. Masu rediyo na gaske, waɗanda suka san abin da suke yi, Linux suke sawa.

"Ka taɓa ganinta?" wani ya tambaya.

"Gani? Ni da ita kamar ni da tafin hannuna."

Ashe Linux ɗin ma ba ɗaya ba ce, dangi ne guda. Ya sauke ta farko a filashi, ya kunna don gwaji. Fuska ta yi baƙi ƙirin, sai wani ɗan ɗigo fari a sama yana ƙifta ido. Ya kalle shi, shi ma ya kalle shi.

"Umarni take jira," ya ce.

"To ba ta mana."

"Ban ga dama ba. Ba na son manhaja mai girman kai."

Ta biyu ta fito da kyau, amma wurin zaɓen harshe yatsarsa ta zame, komai ya koma wani rubutu mai kama da ƙugiyoyi. Ya ɗan yi kamar yana karantawa, yana gyaɗa kai, sannan ya kashe. Ta uku ya zaɓa, don kawai akwai hoton wani dutse mai ƙanƙara a fuskarta, ya ce daga gani ka san ta manya ce.

Da ya zo girka ta, sai ta yi masa tambaya. Ko ta zauna gefe guda tare da Windows, ko kuma ta share komai ta zauna ita kaɗai. A ƙarƙashin na biyun akwai gargaɗi da jan rubutu. Turancina bai kai na kotu ba, amma ya kai na gane wannan.

"Injiniya, jan rubutun nan cewa yake za a goge komai."

"Komai na datti. Shara ce kawai. Kai in ka share shagon nan, kujerun kake zubarwa?"

"Zane-zanen Yaya fa?"

"Su ne kujerun."

Na kai hannu zan riƙe nasa, ina! Ya riga ya danna. Na fita da gudu na kira Yaya. Ta leƙo, bakinta cike da fil, tef a wuya, ta yi masa tambaya da ido. Ya ce zane-zanenta suna nan daram, ya adana su can ƙasa inda ƙwayar cutar kwamfuta ba za ta kai ba. Kuma abin haushin, shi da gaske yake, ya yarda da maganarsa ɗari bisa ɗari. Ta yi masa wani dogon kallo ta koma kan kekenta. Ni dai hankalina bai kwanta ba, har na kusa yanke wa wani kunne.

Linux ta zauna, linzami ya dawo da rai, Injiniya ya zagaya shagon yana karɓar gaisuwa. Ya sauke manhajar rediyo, ya sauke wani darasin koyo da aka haɗa da ita, wannan karon ya tuna ya soka na'urar. Manhajar ta ce ba ta ga komai ba. Ya cire ya mayar. Ba ta gani ba. Ya sauya rami, ya goge bakin da gefen riga, ya yi mata tsawa. Ko a jikinta.

Sai ya shiga kwafo umarni daga wayarsa, dogaye-dogaye, duk wanda ya ci karo da shi. Ya rubuta ɗaya, agogon kwamfutar ya koma wata shekara. Ya rubuta wani, rubutun ya ƙanƙance kamar ƙwayar yashi. Ya ƙara wani, fuskar gaba ɗaya ta kwanta a gefe. Ya karkata wuya yana bin ta, da wuyan ya gaji sai ya ɗauki kwamfutar ya tsayar da ita a gefenta kamar littafi.

"Haka gwanaye ke yi?" in ji Mai Faci, wanda ya bar wa ƙanensa rumfar faci ya tare a wurina.

"Haka sigina ta fi shiga."

Da ƙyar fuskar ta miƙe. Can yana lalube sai ya faɗa wurin da manhajar ke tambaya daga ina za ta ɗauko sauti. Abu biyu ne a wurin. Na farko sunan na'urar ne, ya dusashe, ba ya dannuwa. Na biyu wani dogon suna ne mai lambobi. Ya danna shi.

Jama'a, sai ga launuka suna zubowa daga saman fuskar kamar ruwan sama, shuɗi da rawaya. Sai shuuu, sai ƙara, sai ga muryar wani mutum, a hankali, cikin wani harshe da ba mu sani ba, yana jero kalmomi kamar mai kiran wani daga nesa. Ya tsaya, ya yi tari sau biyu, ya ci gaba.

Injiniya ya daka tsalle, ya rungume wani bawan Allah da na shafa wa kumfa a haɓa. "Kun ji? Kun ji ko? Daga ƙetaren teku! Kuma da 'yar eriyar nan da ba ta kai cokali ba! Ina ga na kafa babba?" Ya sunkuya kan kwamfutar, kumfa a kafaɗarsa, ya ƙwala, "Barka da yamma, abokina! Injiniya ne ke magana!"

Mutumin ya ci gaba da abin da yake faɗa.

"Ya share ka," in ji Mai Faci.

"Nisa ne. Sai gobe gaisuwata za ta isa."

Gobe ta yi, ya kunna, ga mutumin nan dai, da muryarsa, da kiransa, da tarinsa guda biyu. Jibi ma haka.

Na ce, "Injiniya, abokin nan naka kullum wuri ɗaya yake tari."

"Mura ce. Ka san ƙasarsu sanyi ake yi."

"Kuma kullum magana ɗaya?"

"Kai kullum ba 'a rage ko a kwashe' kake cewa ba? Wa ya tuhume ka?"

Mai shagon magani ya ce in dai eriyar za ta iya, shi zai bayar da maganin tari kyauta a tura wa bawan Allah. Labari ya zaga layin, mata suka fara tambayar Yaya ko gaskiya ne mijinta ya yi aboki a ƙasar waje. Ta ce ita abin da ta sani shi ne hangogin rataye kayanta na ƙarfe sun ɓace, sandar labulen falonta ma ta yi ƙafa. Suna saman bene. Injiniya ya miƙe hangogin da filaya, ya ɗaɗɗaure su a jikin sandar kamar ƙashin kifi, ya ɗaure sandar da igiyar shanya a bututun tankin ruwa, ya sako wata doguwar waya ta gaban gini har ƙasa don ɗaurawa a gindin na'urar.

Ranar Asabar tun da hantsi aka jera kujeru a ƙofar shagunan. An ari nawa, an ari na mai magani, an ɗauko bencin masu gyaran waya. Lasifikata ta kiɗa ma an jona. Mata suka cika barandar sama, masu wucewa suka tsaya. Injiniya ya fito cikin kwat, a wannan zafin, biro uku a aljihu. Ya tura Mai Faci saman bene ya zama mai juya eriya.

Sai ga shugaban ƙungiyar ya iso a ƙafa. Wani siririn dattijo ne mai farin gashi da tabarau, da 'yar oba-oba maƙale a ɗamara, mutum mai sanyin magana. Injiniya ya tare shi da hannu biyu, ya zaunar da shi a kujerar askina mai juyawa.

"Ranku ya daɗe, yau za ku ga aiki. Linux na sa, ba wasan yara ba."

"Madalla, ɗana. Tana da kyau ƙwarai. Ni dai da Windows nake nawa, na saba da ita."

Injiniya ya yi ɗan tari irin na abokinsa. "To, ai saboda shekaru, ba laifi."

"A wace mita kake saurare?"

"Duka, ranku ya daɗe."

Ya yi jawabi, ya gode wa iyayensa da malaman da bai ambaci sunansu ba, ya ce tarihi zai tuna da layin nan. Sannan ya danna. Launuka suka zubo, lasifika ta yi shuuu, mutumin ya fara kiransa da ƙarfi har ƙarshen titi. Aka ɗauki tafi. Da ya zo wurin tarin, rabin 'yan kallo suka taya shi, don sun haddace.

Na lura da Dattijo. Yana jin tarin nan ya sunkuyar da kai, ya rufe baki da hannu. Ya yafito Injiniya, ya ce a hankali, "Ɗana, zo mu ɗan koma gefe, akwai maganar da zan gaya maka."

Injiniya ya ɗauka maganar kujera ce. Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Ba sirri tsakanina da jama'ata, ranku ya daɗe! Amma ku dakata tukuna ku ga ƙarshen gwaninta." Ya ɗaga kai sama. "Mai Faci! Juya ta gabas!"

Aka ji ƙiiii daga sama.

"Kun ji yadda muryar ta ƙara fitowa?"

"Mun ji!" in ji jama'a, don a irin wannan wuri kowa ji yake yi.

"Ƙara juyawa! Da ƙarfi, kamar kana kwance taya!"

Mai Faci kuwa ba ya wasa da umarni. Igiyar shanya ta ce ɗas. Sandar labule da hangoginta suka tafi ta baya, suka zube a kan rufin da wata ƙara kamar an watsar da kwanuka. Doguwar wayar ta bi su, ta fizge rediyon duniya daga jikin kwamfutar, ya tashi sama ya wuce kan Dattijo, ya tsaya yana lilo a saitin barandar mata.

Kowa ya ɗaga kai yana kallonsa. A lasifika kuwa mutumin yana ta kiransa, ko gezau.

"Injiniya!" Mai Faci ya leƙo daga sama. "Eriya fa ta kwanta! Baƙon namu ya tafi?"

"Yana nan," wata mata ta amsa daga baranda. "Ga shi ma zai yi tari."

Ya yi, sau biyu.

Gumi ya karyo wa Injiniya ta cikin kwat. "Wannan... ragowa ce. Abin da ya riga ya shiga waya ne yake ƙarasa zubowa."

"Ai wayar ma ga ta can a sama," in ji mai magani.

Muryar ta ɗauke. Injiniya ya ce, "Yawwa, kun gani, ta ƙare." Bai rufe baki ba sai shuuu, mutumin ya sake farowa daga farko.

Dattijo ya miƙe, ya gyara tabarau, ya nuna dogon sunan nan a fuskar kwamfutar. Ya yi ƙoƙarin yin magana ƙasa-ƙasa, amma wurin ya yi tsit, kowa ya ji. Ya ce wannan murya ce da aka naɗa aka haɗa da darasin koyo, don ɗalibi ya gwada manhaja kafin ya sami na'ura. Duk wanda ya bi ta darasin nan ya san tarin nan, su a ƙungiya har gaisawa suke yi da shi. Ita kuwa na'urar, Linux ta ɗauke ta a matsayin abin kama talabijin ta riƙe, layi ɗaya na umarni ake rubutawa ta sake ta. Kuma ko ta yi aiki, ji kawai take yi, ba ta aika magana.

"Wato gaisuwar ba ta isa ba ke nan," in ji Mai Faci daga sama.

Wayyo, dariya! Wani ya faɗo daga benci, masu gyaran waya suna dukan cinya, mata suna riƙe juna a baranda. Ni kaina hawaye nake sharewa. Injiniya ya buɗe baki zai fara borin kunya, sai aka ga jama'a suna darewa.

Yaya ce ta fito, shugabar makarantar na biye da ita da jaka a kafaɗa. Ta zare wayar lasifika, ta ɗauki kwamfutarta ta shiga shago, ta ajiye a tebur, ta jona keken surfani. Muka cika ƙofar. Ta nemi manhajar zanenta, ba ta gani ba. Ta nemi ma'ajiyar zane-zanen, ba ta gani ba. Dutse mai ƙanƙara ne kawai ke kallonta.

"Baban yara, ina kayana?"

"Suna ƙasa."

"Ƙasan ina?"

Ya dubi Dattijo. Dattijo ya matso ya dudduba, ya tambaye shi wanne ya zaɓa lokacin girkawa.

"Na biyu, ranku ya daɗe. Mai jan rubutu."

Dattijo ya cire tabarau ya riƙe a hannu. "'Yata, sai haƙuri, an goge su. Ki kashe ta yanzu, kada kowa ya ƙara taɓawa. Akwai wani a ƙungiyarmu da ke iya tono irin wannan, wataƙila a sami wasu, wataƙila ba za a samu ba. Ba zan yi miki alkawari ba, kuma ba abin yau ko gobe ba ne."

Dariyar ta ɗauke kamar an kashe famfo. Na san Yaya da faɗa, na ɗauka rufin shagon zai tashi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta zauna a kujerarta, ta ɗora hannu a kan kwamfutar, idonta ya kawo ruwa. Wallahi tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

Ta ce, "Furen farko da na zana, ranar da aka kawo keken nan, kai ne ka tsaya a bayana kana cewa babu irinsa a garin nan. Har shi ka goge?"

Injiniya ya cire kwat ɗin ya riƙe. Can ya ce, da wata murya da ban san yana da ita ba, "Ban sani ba, Maman yara. Wallahi ban san abin da nake yi ba."

Tun da ya auri yayata ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba.

Shugabar makarantar ta gyara jaka. Mace ce mai kirki amma ba ta da wasa. Ta ce ita ba ta iya ɗage ranar Litinin ba, iyaye sun riga sun sani. In ta ga rigunan aji ɗaya da bajonsu ranar, za ta jira sauran. In ba ta gani ba, dole ta kai aikin wani wuri.

Yaya ta share ido da gefen mayafi. Ta dubi tambarin makarantar da ke jikin jakar matar, ta ce a ara mata ita. Ta leƙa waje ta ɗaga kai baranda. "Wa ta iya surfanin hannu a cikinku? Ku sauko don Allah." Mata huɗu suka sauko suna ɗaura ɗankwali. Aka fito da yadi da zare kala-kala, aka baje a kan teburin da Injiniya ya ɗora kwamfutar a ƙofar shago, inda tarihi ya so ya tuna da layinmu.

"Mu za mu ɗinka," in ji Yaya. "Amma ba mu da lokacin zura zare. Baban yara, zauna nan."

Ta miƙa masa kwalin allurai. Ya zauna, ya ɗauki ɗaya, ya ɗaga ta saitin rana, ya runtse ido ɗaya. Ya lashi bakin zaren, ya kai, ya wuce ta gefe. Ya sake lasa, ya sake kaiwa, ya wuce ta ɗaya gefen.

Jama'a sun fara miƙewa za su watse, sai ga Mai Faci ya sauko da sandar labule a kafaɗa. "Ina za ku? Ku zauna mana, yanzu aka fara." Aka koma aka zauna. Dattijo ma ya koma kujerar askina, ya juya ta saitin teburin.

A karo na ban san nawa ba zaren ya shiga. Aka ɗauki tafi, wannan karon na gaskiya. Injiniya ya ɗan miƙe wuya, ya dubi allurar, ya dubi jama'a, na ga tsohon halin yana tasowa.

"Kun san ita allura iri-iri ce. Wannan da kuke gani, ba kowa ne zai iya..."

"Baban yara," in ji Yaya, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Na'am."

"Ja nake jira."

Ya sunkuyar da kai, ya lalubo jan zare.